Wayar da Ta Kai Ni Garwa

Tun da na dawo ban zauna a shago na sha ruwa cikin natsuwa ba. Duk wanda ya leƙo, kafin ya tambayi caja ko memori sai ya ce, "Ɗanlami, ya Garwa?" A masallacin layinmu na Wunti har wani ya tare ni ina saka takalmi. Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara masa nasa. Shekaranjiya na ji an ce wai na mari mutum a Kamaru. Ban mari kowa ba, ko da yake zuciyata ta raya min. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya kasance, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, ni in ci gaba da ciniki.

Ga wanda bai san ni ba, kayan kwamfuta nake sayarwa. Da tebur na fara a bakin titi, ba wanda ya ba ni jari, ba wanda ya gadar min shago. Abin da na fi suna a kai shi ne hadis, wato ɗan akwatin nan mai kamar sabulun wanka da ake jona wa kwamfuta a zuba hotuna da bidiyo a ajiye. A wannan harka jabu ya yi yawa. Za ka ga an rubuta masa girma a kwali, ka buɗe cikinsa ka tarar da ɗan memori an manne da ƙarfe don ya yi nauyi. Ni ban taɓa sayar da irinsa ba, kuma wannan shi ne duk abin da na mallaka. Malaman jami'a na Gubi suna tsallake shaguna da yawa su zo wurina saboda shi.

Muna da guruf a waya na masu wannan sana'a, daga Bauchi, Gombe, Yola, har da na tsallaken iyaka. A nan na san Alhaji Buba, Bafulatanin Garwa ta Kamaru mai shagon ɗaukar bidiyon biki da wa'azi. Ya sayi katan guda na hadis a wurina, na ba direba ya kai masa. Bayan wani lokaci ya kira ni.

Ya ce, "Alhaji Ɗanlami, kayan nan ba ya tafiya. In na zuba biki ɗaya da safe, har la'asar bai gama ba."

Na bi da shi yadda nake bi da kowa. Na tambaye shi wane baki ya jona a jikin kwamfutar, mai shuɗin harshe ko baƙi, don baƙin tsohon yayi ne, ba ya sauri. Ya ce shuɗi. Na ce ko hotuna ne ƙanana dubbai yake turawa, don su suna jan lokaci fiye da bidiyo babba guda. Ya ce bidiyo ne. Na ce ya kashe kwamfutar ya kunna, ya rufe duk abin da ke aiki, ya gwada wani hadis ɗin daga katan. Ya gwada, ya ce duk halinsu ɗaya. Da na ji haka hankalina ya kwanta, don katan guda ba ya lalacewa rana ɗaya.

Na ce, "To Alhaji, matsalar daga waya ce. Ka canza waya."

Ya ce, "Waya?"

Na ce, "Waya. Na sha gani. Canza ta, ka nemi mai kyau, za ka kira ni ka yi godiya."

Bayan 'yan kwanaki ya turo min hoton sabuwar wayar hannu a kwalinta, ba rubutu ba komai. Na ɗauka kuskuren turawa ne, ko kuma irin nunin nan na masu sabon abu, na sa masa hannun yabo na wuce. Washegari da safe ina buɗe shago na ji muryar Alhaji Buba tana tashi daga shagon Nasiru maƙwabcina, wanda muke sayar da kaya iri ɗaya. Ya ƙure sautin. A guruf Alhaji ya saka ta. Yana cewa 'yan'uwa su yi hattara da Ɗanlami na Bauchi, ya sayar masa da jabu katan guda, da ya yi magana kuma ya mayar da shi abin wasa, ya sa shi asara a kan asara. Ya ce ya canza waya kamar yadda na ce, ba abin da ya sauya.

Nasiru ya leƙo yana gyara hula. "Maƙwabci, Allah ya kyauta. Ni dai na ce musu ban taɓa ganin ka da jabu ba. Da idona dai."

Na kira Alhaji Buba, bai ɗauka ba. Na sake kira, na tarar ya toshe ni. Kafin azahar wani malami daga Gubi da muka gama magana zai ɗauki kaya don ofishinsu ya turo cewa in dakata tukuna. Wani mai shagon hoto ya dawo da hadis da ya saya wata biyu baya, lafiyarsa lau, ya ce shi dai zuciyarsa ba ta kwanta ba. Na rubuta bayani a guruf, mutum biyu suka ce Allah ya daidaita. Daidaita me? An kira ni ɓarawo ne a gaban kasuwa.

Da na faɗa wa Hajara, uwar 'ya'yana, cewa zan tafi Garwa, ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Saboda murya ɗaya za ka tsallaka ƙasa?"

Na ce, "Muryar nan in ta kwana wata guda a wayoyin mutane, teburin bakin titi zan koma."

Ta soya min nama ta ƙulle a leda.

Na ɗauki kwamfutata, da hadis guda daga irin wanda na aika masa, na shiga motar Yola. Direban ya cusa mu huɗu a baya, ya kuma so ya karɓi jakata ya danna a but ƙarƙashin buhun albasa. Na ce ko sama da ƙasa za su haɗu a cinyata za ta zauna. Hadis ba ya son bugu, akwai faifai a cikinsa mai juyawa, in ya sha jijjiga ya tafi da duk abin da ke ciki. Wani dattijo da ke gefena, mai rawani da sanda, ya ga yadda na rungume jakar.

Ya ce, "Yaro, me ke ciki haka?"

Na ce, "Hadis ne, Baba."

Ya gyara zama, ya janye gwiwarsa daga jikin jakar. "Masha Allah. Ashe da malami muke tafe. Allah gafarta malam, ka yi haƙuri na takura ka."

Na buɗe baki in gyara, sai na ga wurin zama ya ƙaru, na yi shiru. Ban ci bulus ba. Daga Alkaleri har Gombe dattijon nan tambayoyi yake jero min: gadon matar da ta rasu ta bar saniya a hannun ƙaninta, hukuncin wanda ya yi sallah akuya ta lashi rigarsa. Ina ta cewa akwai saɓani a kai. A Gombe da muka tsaya cin abinci na gaya masa gaskiya, na ciro hadis ɗin na nuna masa. Ya juya shi ya juya, ya miƙo min, bai sake ce min uffan ba har Numan, kuma gwiwarsa ta dawo inda take da farko, har da ƙari.

Hanyar kuwa ba sai na faɗa wa wanda ya taɓa bin ta ba. Inda aka gyara direba ya yi ta gudu kamar ana bin sa, inda ba a gyara ba ya faɗa rami da gudun da ya taho da shi. Kowane rami sai na ɗaga jakar sama kamar mai tsallake ruwa da jariri. Ga masu shinge, kowanne sai ya leƙo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar ya ba mu ajiya. Na isa Jimeta hannuwana sun sage. Na kwana a wani masauki kusa da tasha, fankarsa tana juyawa tana kuka amma iskarta ba ta sauko ƙasa ba.

Da safe na shiga wata motar zuwa bakin iyaka. Nan Fulatanci ya fara cinye Hausa. Ni kakata ta wajen uwa Bafulatana ce daga Miri, amma abin da na tsira da shi bai wuce gaisuwa da sunan nono ba. A iyaka aka sauke mu. Wani jami'i ya buɗe jakata ya ciro hadis ɗin, ya kai kunne, ya fara girgiza shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba kwakwa ba ce."

Ya dube ni, ya sake girgizawa, a hankali wannan karon, don ya nuna min shi ne da iko. Maganar nan ta jawo min zama a benci har rana ta take tsakiya, motarmu ta tafi ta bar ni. Na zauna ina tauna naman Hajara ina lissafa wa Alhaji Buba wannan ma a cikin nasa. Da aka sallame ni sai mashin na hau zuwa inda zan samu mota, mai mashin kuwa ya ɗora ni a bayan jarkoki, na iso ina warin fetur.

Garwa gari ne mai zafi, zafin da ya fi namu, mashina kuwa kamar a ce an kwashe na Wunti da na kasuwar Muda Lawal an zuba a titi ɗaya. Abin da na fara lura da shi, mutanensu ba sa ɗaga murya. A tasharmu ta Bauchi mutum biyu za su yi ta ihu ka zaci faɗa ne, ashe cinikin lemo suke yi. Can kuwa mutum zai cuce ka da murya ƙasa-ƙasa yana tambayar lafiyar iyalinka. Burodinsu dogo ne kamar sanda, a hammata ake ɗaukarsa ba leda, waje ƙamas ciki iska. Lissafin kuɗinsu da Faransanci, gaisuwa da Fulatanci, Hausa kuma sai an ga ka rasa yadda za ka yi.

Na sauka a wani ƙaramin masauki kusa da kasuwa, na wata mata mai jiki da ake kira Dada. Ɗakin tsaf, ba zan yi mata ƙarya ba, ya fi na Jimeta nesa. Na ciro kwamfuta in yi caji, sai na ga bakin wutar bangonsu ramuka biyu ne zagayayyu, kan cajata mai ƙafa uku ba inda zai shiga. Ni Ɗanlami, da nake da kwali cike da abin canza kan caja a ƙarƙashin teburin shagona, na tsallaka ƙasa ban ɗauko ko ɗaya ba. Na fita na sami Dada tana tsinke ganyen yakuwa.

Na ce, "Hajiya, ko kuna da wata waya da zan jona?"

Ta goge hannu a zani ta miƙo min wayarta ta hannu.

Na ce, "Ba kira zan yi ba."

Ta ɗaga kafaɗa ta mayar cikin zani. Sai da na jawo cajar na nuna mata, ta yi dariya ta aika aka sayo min abin canza kan cajar. Da yamma ta kawo tuwo da miyar yakuwa da suke kira folere, mai tsami har cikin kunne. Na ci don yunwa. A gida ana sa wa yakuwa gyaɗa ta kashe tsamin, su kuwa kamar tsamin suke saya.

Washegari na tambayi shagon Alhaji Buba, mai mashin ya kai ni ba wuya. Na shiga da maganata a baki, na tsara ta tun daga Kaltungo. Na tarar da dogon mutum siriri cikin farar riga, da wasu mutum uku zaune a benci. Da na faɗi sunana bai ko razana ba. Ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu.

"Alhaji Ɗanlami. Jam na? Ka zo lafiya? Ya hanya? Ya gajiya? Ya iyali? Ya Bauchi? Ya zafi?"

Duk wanda ke bencin sai da ya yi min irin wannan, ɗaya bayan ɗaya. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo shayi, aka aika a gasa kifi. Ya ce me ya sa na sauka a masauki alhali yana da gida, wannan ai abin kunya ne gare shi. Na rasa inda zan sa kaina don haushi. A Bauchi wanda ya kira ka ɓarawo, in kun haɗu zai ɗaure fuska ne, ka san inda kuka tsaya. Wannan ya ɓata ni a ƙasa biyu, yana zuba min shayi yana tambaya ko sukari ya ji.

Na ture kofin. "Alhaji, ban zo shan shayi ba. Ba zan ci komai a nan ba sai na ga jabun da na sayar maka."

Mutanen bencin suka juyo suna kallona. Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo, na gane daga baya bidiyon bikin 'yarsa yake zarya a kai, dangin ango suna ta damunsa. Irinsa suna da yawa. Aiki ya taru wa Alhaji Buba, ana cewa ya cinye kuɗin mutane. Na fahimci abin da ya hasala shi, amma fahimta daban, yafiya daban.

Ya kai ni teburin aikinsa, ya ɗauki bikin 'yar dattijon ya tura cikin hadis. Koren layin nan ya fito ya tsaya kamar an ɗaure shi. Kwamfuta ta ce saura awoyi, ta sake tunani ta ƙara wasu.

Ya ce, "Ka gani da idonka."

Na gani. Na zagaya bayan kwamfutar, bakin shuɗi ne kamar yadda ya ce. Na duba cikinta, ba ta cika ba, ba wani abu da ke cin ƙarfinta a ɓoye. Na tsayar da turawar na gwada bidiyo ɗaya tak, tafiyar ba ta sauya ba. Na ciro nawa hadis ɗin da ya sha girgiza a iyaka, na jona da wayar da ta zo da shi a wannan bakin dai, na tura bikin. Layin ya zura da gudu. Mutanen benci suka taso suka tsaya a bayana.

Alhaji Buba ya ce, a hankali, "To. Naka mai kyau ka riƙe, ka aiko min da wancan."

Na ce, "Ina naka yake? Ban gan shi a tebur ba."

Ya nuna ƙarƙashin tebur. Akwatin ƙarfe ne da kwaɗo, an huda gefensa, wata doguwar jar waya mai saƙa ta fito ta hudar ta hau har bayan kwamfuta. Ya ce an taɓa shiga shagon aka ɗauke masa hadis da bikin mutane a ciki, tun daga nan a kulle yake aiki da su. Wannan dabara ce, ban raina ta ba. Na ce ya buɗe. Ya yi ɗan jinkiri, ya ciro makulli daga aljihu.

Ga hadis ɗina a jere, na gane su kamar 'ya'yana. Na ɗago wanda ke aiki na dubi bakinsa, sai na ga matsalar. Wanda ya san irin wannan hadis ya san bakinsa faffaɗa ne, ɗaki biyu ne a haɗe, babba da ƙarami, kuma wayarsa mai faɗin kai ce da ke cike duka biyun. To wayar cajin tsofaffin wayoyin hannu tana shiga ɗaki ɗaya daram. Fitila za ta kama, kwamfuta za ta gan shi, zai yi aiki, amma kamar garken shanu ne aka ce su fita ta ƙofar ɗaki. Jar wayar nan ta caji ce. Rabin bakin a buɗe yake, har ƙura ta shiga.

Na ce, "Alhaji, ban ce ka canza waya ba?"

"Na canza."

"Ka canza?"

Ya sa hannu a aljihu ya ciro sabuwar wayar hannu, wadda ya turo min hotonta, ya ajiye a tebur. Muryarsa ta ɗan tashi a karon farko. "Ga shi. Tsohuwar da nake ɗaukar biki da ita lafiyarta ƙalau, na sayar da ita da araha na sayi wannan saboda maganarka. Na turo maka hoto, ka sa min hannu."

Na tsaya ina kallon wayar. Dada ta faɗo min a rai, tana goge hannu a zani. Na ɗago jar wayar na karkaɗa ta a gabansa.

"Wannan fa? Mene ne sunanta?"

Ya dube ta. "Wannan ai ɓoggol ne. Igiya. Kabul."

Ɗaya daga cikin mutanen, wanda ya taɓa zama a Kano, shi ya fara ganewa. Ya juya ya yi wa sauran bayani da Fulatanci, na ji yana cewa waya, waya, yana nuna wannan yana nuna waccan. Dattijon biki ya toshe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Ni ban yi dariya ba. Har yau in na tuna ba dariya ke fara zuwar min ba. Ramukan hanyar Numan, da bencin iyaka, da cinikin Gubi, da fuskar Nasiru, duk a kan kalma ɗaya da kowane yaro a Wunti ya san tana da ma'ana biyu.

Na ce, "Ina waɗanda suka zo a cikin kwali?"

Suna saman kabad, a cikin katan ɗina, ko ɗaurinsu ba a kwance ba. Ya ce gajeru ne, ba sa kaiwa daga akwati zuwa kwamfuta, shi ya sa ya sayo doguwa mai kyau a kasuwa, da ya ga ta shiga kuma fitila ta kama, bai sake tunaninta ba. Na ɗora hadis ɗinsa a kan tebur, na miƙa masa gajerar. Na ce shi zai jona da hannunsa, kada gobe a ce na yi wani siddabaru. Ya jona, ya tura bikin. Kafin shayin da na ture ya gama hucewa, aikin ya kammala. Muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, na ƙi tsallake ko guda.

Ya ja ni gefe, ya rage murya. Ya ce in yi haƙuri don Allah, shaiɗan ne da matsin mutane. Zai biya min kuɗin mota, zai haɗa ni da zuma da kifi busasshe, zai goge muryar daga guruf yanzu.

Na ce, "Gogewa ba ta cire ta daga kunnen wanda ya ji. Inda ka ɓata ni, nan za ka gyara. Da muryarka."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce a wurinsu babban mutum ba ya fitowa gaban jama'a ya ce ya yi wauta, abin da kunya, yana da surukai a guruf ɗin nan. In bari a hankali zai riƙa gaya wa mutane ɗaya-ɗaya.

Na ce, "Ranar da ka kira ni mai jabu ɗaya-ɗaya ka bi su?"

Na ga in na biye wa kunyarsa zan koma Bauchi da zuma, sunana kuma yana nan a kwata. Sai na jawo katan ɗin daga saman kabad na fara zare hadis ina jerawa ciki.

"Me kake yi, Alhaji?"

"Kayana nake kwashewa. A guruf jabu ne har yanzu, ni kuma ba na barin jabu a hannun mutum. Zan mayar maka da kuɗinka cif. Ka kwashe bukukuwan mutane da ke ciki, ina jira. Da jar igiyarka za ka kwashe, gajerun nawa ne."

Dattijon biki ya daina dariya. Ya yi wa Alhaji Buba magana da Fulatanci, gajera, ban ji ko kalma ba amma na ji nauyinta. Alhaji ya ɗauki sabuwar wayarsa ya danna, ya ce 'yan'uwa, an samu fahimtar juna tsakaninsa da Alhaji Ɗanlami, komai ya wuce. Na riƙe hannunsa kafin ya tura.

"Ba faɗa muka yi ba da za a fahimci juna. Da kalmar jabu ka shiga, da ita za ka fita."

Ya goge, ya sake dannawa. Ya ce, "Ni ne Buba na Garwa. Kayan Alhaji Ɗanlami ba jabu ba ne, na gwada duka a gaban shaidu. Igiyata ce ba daidai ba. Na zalunce shi, ku yafe ni, shi ma ya yafe ni." Ya tura. Sai da na ga ta shiga a tawa wayar na saki katan ɗin.

Sannan na zauna na ci kifin. Gaskiya kifin Binuwai na can ya fi wanda ake kawo mana, ba zan hana shi haƙƙinsa don ina fushi ba. Zumar ma na karɓa, kuɗin mota na ƙi.

Dawowa ba wani labari, ramukan suna nan inda na bar su. Abin da ya fi ci min rai a gida na tarar da shi. Muryar farko, wadda aka kira ni ɓarawo, sai da aka yini ana tofa albarkacin baki a kanta, an tura ta gurufan da ban ma san da su ba. Ta biyu kuwa mutum kaɗan ne suka sa hannu, wani ya ce masha Allah, aka koma tallan caja. Nasiru bai ƙure sautinta ba. Da na tambaye shi ya ce datarsa ce ta ƙare. Don haka na jona wayata da babbar sifikar da nake gwada wa masu saye, na juya ta wajen titi, na saka muryar Alhaji Buba tana maimaita kanta daga safe har azahar, sai da telan da ke gabanmu ya zo ya roƙe ni. Malamin Gubi ya dawo ya ɗauki kayansa. Mai shagon hoto bai dawo ba, na ga ya koma wurin Nasiru, kuma ba zan bi shi ba.

Yanzu duk wanda ya sayi hadis a wurina sai na buɗe kwalin a gabansa, na nuna masa bakin mai ɗaki biyu, na sa shi ya jona da hannunsa. In mutum ya kira daga nesa yana kukan rashin sauri, ba na tambayarsa komai sai ya turo hoton abin tun daga kwamfuta har bakin hadis. A shagona kuma an daina cewa waya, igiya ake cewa, har Hajara ma ta ɗauka.

Makon jiya Alhaji Buba ya kira. Bayan ya gama tambayar iyali da Bauchi da zafi, ya ce yana son wani katan ɗin, kuma in akwai mai faɗin kai doguwa wadda za ta kai cikin akwatinsa, in haɗo masa da waya biyu.

Na ce, "Alhaji, wace wayar?"

Ya ce, "Ɓoggol."

Na ce, "Turo hoto."